Ɓauren da Aka Dasa a Kan Bututu

A bakin mahaifiyata na fara jin sunansa, ina 'yar shekara bakwai. Muna haya a Bron lokacin, a gefen birnin Lyon. Wayar gida ta yi ƙara, ta ɗauka, ta toshe bakin wayar da tafin hannu, ta ce wa mahaifina: "Abdul'aziz ne na Paris. Kada ka gaya mishi an ƙara maka girma a wurin aiki, bar shi ya yi Sallarsa da daɗin rai." Mahaifina ya yi dariya ya karɓa, kuma tun ba su gama gaisuwa ba ya gaya mishi.

Jirgi ɗaya ya kawo su daga Yamai karatu, shi da mahaifina Mamadu. 'Yan unguwa ɗaya ne a Damagaram, kuma kowa a can ya san Abdul'aziz ya fi ƙwaƙwalwa, shi ke koya wa Mamadu lissafi. A shekara ta biyu mahaifin Abdul'aziz ya rasu ya bar mishi ƙanne shida. Ya ajiye littafi ya kama aiki a wani kamfani mai buɗe magudanan ruwa in sun toshe. Ya ce na wata shida ne. Shekara talatin ya yi a ciki.

Mamadu ya gama, ya zama injiniya a Lyon. Baba Azizu, haka muke kiransa, ya zauna a hawa na tara a rukunin gidajen haya na Cité des 4000, a La Courneuve da ke gefen Paris. Aikinsa bai taɓa ba shi kunya ba. Yakan ce Paris biyu ce, ta sama da ta ƙasa, kuma ta ƙasan ba wanda ya fi shi saninta. Abu ɗaya ne ke taɓa shi: a ambaci Mamadu. Nan da nan sai ya tuna akwai abin da zai duba a wayarsa.

Ina da shekara goma sha ɗaya mahaifina ya sayi wani tsohon gida a Rillieux-la-Pape, kusa da Lyon, ɗan ƙarami, amma da filin tsakar gida. Aka yi walima. Baba Azizu ya zo da babbar riga sabuwa, ya zaga ɗakunan yana cewa "Madalla, madalla," yana ƙwanƙwasa bango ko zai ji wani aibu.

Mahaifina mutum ne da ba ya iya ɓoye farin ciki. Ya ɗauko takardar inshorar gidan ya miƙa mishi, ya ce: "Duba nan. Wuta, ruwa, ɓarayi, komai na gidan nan yana ciki." Baba Azizu ya karanta. Idonsa ya tsaya a kan wani layi da ya daɗe da sani, don ya sha ganin masu gida suna dafe kai a kansa: bututun cikin gida yana cikin yarjejeniya, wanda ke binne a waje ba ya ciki, sai in an nemi a ƙara shi daban.

Bayan la'asar aka fita tsakar gida. A wurin mahaifina, gidan da babu itacen da maza za su zauna ƙarƙashinsa ba gida ba ne, masauki ne. Ya riga ya sayo dashen ɓaure, ya haƙa rami a tsakiyar fili. Ya ce babu wanda zai riƙe mishi dashen sai abokinsa na ƙuruciya.

Baba Azizu ya tsuguna ya riƙe. Daga nan ya hango murfin ƙarfe na magudanar ruwa a gindin bangon kicin, ya juya ya ga wani kusa da ƙofar waje. Ramin yana daidai tsakaninsu. Ya san tsohon bututun yumɓu ne kwance a ƙasa, ya kuma san yadda saiwar ɓaure ke bin danshi. Ya buɗe baki ke nan, sai wani baƙo ya ce: "Malam Abdul'aziz, kai kuma taka walimar sai yaushe?" Wani ya amsa: "Shi ai ƙarƙashin gidajen mutane ya ishe shi." Aka yi dariya, har da mahaifina.

Ya rufe bakinsa. Ya ce Allah ya sa albarka, ya danne ƙasar da ƙafarsa.

Shekara goma sha biyu ɓauren yana girma. Duk bazara mahaifina sai ya aika mishi hoto: ga tabarma, ga butar shayi, ga inuwa. Shi kuma amsarsa ɗaya ce: "Ruwa na wucewa lafiya?" Mun ɗauka barkwancin sana'a ne. Ashe jira yake.

Saura kwana goma bikin yayata Ruwaida, ruwa ya fara dawowa a banɗaki. Ƙasan ɓauren ya jiƙe, wari ya hana zama. A nan kuwa aka shirya saukar dangin ango, har da waɗanda za su taso daga Maradi. Mahaifina ya kira inshora da ƙarfin gwiwa. Matar da ta ɗauka ta karanta mishi layin nan cikin ladabi, har sau biyu. Masu gyara suka zo suka duba, suka ce sai an sare itacen, kuma ba su da lokaci sai bayan sati uku.

Mahaifina ya daɗe yana kallon wayarsa kafin ya kira Paris. Gaisuwar ranar gajeriya ce.

Washegari da azahar motar aikin Baba Azizu ta tsaya a ƙofar gidanmu. Ya zura 'yar kyamararsa cikin bututun, saiwoyi suka bayyana a allo, cunkus kamar gashin da ba a taje ba.

Mahaifina ya ce: "Da na san akwai bututu a nan..."

Baba Azizu bai ɗago daga allon ba. "Wa zai sani."

"Sai an sare?"

"Mamadu, ka taɓa riƙe shebur?"

"Na dai ga ana riƙewa."

"To yau za ka yi karatun da ka tsallake."

Kwana huɗu dattawan nan biyu suna haƙa. Baba Azizu bai taɓa ɓauren ba, sabuwar hanya ya fitar wa bututu ta gefen shinge. Ya sa wa mahaifina takalmin roba da ya yi mishi yawa, ya tsaya a bakin rami yana ba da umarni. "Injiniya, bokitin nan ba zai kai kansa ba." "Injiniya, ruwa ba ya hawa tudu, ko ba a koya muku ba?" Mahaifiyata Fatsima ta ce tun da ta san shi ba ta taɓa ganinsa cikin annashuwa haka ba. Kwano biyu yake cinyewa. Ranar da aka rufe ramin ya tsaya a kan mahaifina har sai da ya kira inshora aka ƙara bututun waje.

Aka yi biki a ƙarƙashin ɓauren. Baƙi suka yi ta yaba inuwa, babu wanda ya tambayi abin da ke ƙasa. Wani dattijo daga dangin ango ya ce: "Malam Mamadu, ka iya zaɓen wurin dashe." Na ga Baba Azizu ya ajiye kofin shayinsa, ya ciro waya.

Bara na je La Courneuve ina tattara labaran danginmu, don ni ce mai rubuta su a gidanmu. Baba Azizu ya yi ritaya, gwiwoyi sun gaji, hawa tara kuma ba wasa ba. Ban tambaye shi zancen ɓaure ba, shi ya ɗauko shi, tun daga takardar inshora har dariyar baƙi.

Ya ce: "Ban roƙi Allah bututun ya fashe ba. Amma ban roƙa kada ya fashe ba."

Na ce: "Baba, me ya hana ka gaya mishi? Ai zai yafe maka."

"Shi ne abin. Nan take zai yafe, da murmushinsa, ya ce ba komai. Ya sake fina ke nan. Gida ya fi ni, karatu ya fi ni, ba zan ƙara mishi da wannan ba."

Ya rasu a watan Maris. Mahaifina ne ya tsaya a kan komai har aka kai shi makwanci. Har yau ban karanta wa mahaifina wannan ba, ko da yake sharaɗin da aka gindaya mini ya cika. Ranar da zan taho daga La Courneuve, Baba Azizu ya rako ni har bakin matakala, yana dafe da ƙarfe, ya ce:

"Ɗiyata Latifa, ki rubuta shi duka, kada ki wanke ni. Amma kada ubanki ya ji sai bayan raina. Kuma in kin zo jera sunaye a littafin naki, ki sa nawa kafin nashi."