Kunyar Ɗan Fari da 'Yar Robar Masu Riga-kafi

Shekarun baya, ina goyon fari, muna zaune a gidan surukaina a wani lungu na Madabo, irin lungun da sai ka manne da bango idan mai kura ya taho da ruwa. Duk sanda na ga kuna gardamar riga-kafi a nan sai wannan labarin ya taso min. Yau dai bari in sauke shi in huta.

Mu asalinmu Fulani ne, ko da yake ni a Goron Dutse aka haife ni, ko tatsar saniya ban iya ba. Shanun sun tafi tun zamanin kakanni, kunyar ce ta zauna daram. Da na haihu mahaifiyata ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan fari ba naki ba ne, na masu gida ne. Kada in ji an ce kina rawar kai a kansa." Ni kuwa na ɗauki abin da zafi har na zarce ta. Ba na kiran sunansa, ba na yi masa wasa a gaban mutane, nono ma sai an ce, "Ke, ba shi mana!" sannan in karɓe shi ina ɓata rai kamar an ba ni ajiya. Surukata, Hajiya, ita ce mai shi. "Maigidana" take ce masa, a bayanta yake wuni.

A lokacin ne wata nas ta fara zagaya gidajen unguwar, da 'yar kula a rataye a kafaɗa. Ta zauna a tabarmar Hajiya ta yi mana bayani. Ta ce likitoci suna son haɗa riga-kafin atini, zawon nan mai jini da majina da ke kwashe yara. Amma ƙwayar cutar iri-iri ce, kuma ba a haɗa riga-kafi a makance, sai an san wace iri ce ta fi addabar yaran wuri. Don haka ta bar mana wata 'yar roba mai murfi da ɗan cokali a jiki. Idan yaro ya fara zawo, a ɗiba a ciki a ba ta tun da ɗuminsa, za a kai ɗakin gwaji, a kuma duba yaron.

Hajiya ta yi salati ta tafa hannu. "Ikon Allah! Yanzu kashin Maigidan nawa ne ya zama abin nema?" Aka yi dariya. Bayan fitar nas ɗin ta ce ita ba ta ba baƙo kashin jikanta, ba ta san inda za a kai shi ba. Robar ta ƙare a saman kwabata.

Da damina ta kankama, yaron ya kama zawo. Hajiya ta sa yatsa ta taɓa dasashinsa ta ce haƙori ne, duk 'ya'yanta haka suka yi. Aka aika kemis aka sayo wani magani na ruwa, aka dama masa koko. Sai dai ni ce mai wanke fo, kuma na ga abin da ke ciki. Jini ne, ɗigo-ɗigo cikin majina. Idan zai yi sai ya yi ta yunƙuri yana ƙara har muryarsa ta dishe.

Wallahi ban san yadda zan kwatanta muku kwanakin nan ba. Na kasa zama. In shiga ɗaki, in fito, in ɗauki tsintsiya in share inda na riga na share, in leƙa soro in dawo. Na zuba wa miya gishiri har ta ƙi ciwuwa. Idan Hajiya ta shiga banɗaki sai in yi wuf in taɓa goshinsa, da na ji motsin buta in koma gefe in ci magani. Na kira mai gidana a waya, yana kudu wajen saro kaya, na yi ta kewaye-kewaye, har na ce, "Mutanen gida dai ba su jin daɗi." Ya ce, "Me Hajiya ta ce?" Na ce ta ce haƙori ne. Ya ce, "To ai shi ke nan." Na kashe wayar na ji kamar in rotsa ta da ƙasa.

Tsoro nake ji, tsoro sosai. Idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, kukan ma ya daina fitar da hawaye. Ga yaro yana tafiya a gaban idona, ga bakina an ɗaure shi tun daga gidanmu.

Da hantsin ranar da nas ɗin take zuwa, na ɗauko robar daga saman kwaba. Na ɗiba na rufe, na soke ta a ƙugun zanina. Ban ma san me zan yi da ita ba.

Ta yi sallama ta shigo, suka gaisa. Ta ce, "Hajiya, yaya Maigidan naki?"

"Haƙori ne ya ɗan sa shi a gaba, yana ɗaki yana barci."

Sai ta juyo gare ni. "Maman yaro, ke kin ga wani abu a kashin nasa?"

Amsar da aka koya min tana bakina: ku tambayi masu shi. Har na buɗe baki zan faɗa. Sai na ji wannan siririn nishin nasa daga ɗaki, na ga hannuna ya tafi ƙuguna da kansa. Na ajiye robar a kan tabarma, a gaban surukata, kusa da kwanon goronta. Na ce, "Jini yake yi. Hajiya, ɗana zai mutu."

Ɗana! A tsakar gida, a gaban uwar miji, da baƙuwa a zaune. Na sunkuyar da kai ina jiran saukar faɗa.

Hajiya ta miƙa hannu. Ta ɗauki robar ta ɗaga ta a rana ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa wa nas ɗin, ta tashi ta goya yaron, ta ja mayafi ta ce, "Sa hijabinki."

Muna cikin adaidaita sahu, ta sauko da shi kan cinyarta tana kallon titi, sai na ji ta ce, "Mijinki ba shi ne ɗan farina ba." Na juyo na kalle ta. Ta ce, "Mace ce. Ni ma na ga jinin. Aka ce haƙori ne, ni kuma na yi kara." A haka muka isa.

A asibiti aka sa masa ƙarin ruwa. Da sakamakon gwajin ya fito, likita ya ce ƙwayar da ta kama shi ba ta jin maganin da muka sayo, aka sauya masa wani. Kafin a sallame mu har ya fara fizgar ɗankwalin Hajiya. Daga baya nas ɗin ta gaya min an raini ƙwayar a ɗakin gwaji an adana ta cikin sanyi, tare da na sauran yaran unguwanni, don a gwada ko riga-kafin da ake haɗawa zai iya da irin tamu. Yanzu yaron ya fi ni tsawo. Idan ya cika min baki sai in ce ya yi a hankali, gudummawarsa ga ilimi tun yana cikin fo ya ba da ita.

Riga-kafin dai har yau ban ga an kawo shi unguwarmu ba. Duk nas ɗin da na haɗu da ita sai na tambaya, a ce min ana kan gwaji, abin ba ya son gaggawa. Na yarda, amma raina ba ya kwanciya. Duk damina, in na ji yaro yana wannan yunƙurin a maƙwabta, ba na iya zama sai na shiga. Ba kakar nake tambaya ba, wadda take wanke fo nake ja gefe.

Kunyar kuwa ba ta sake ni ba, kada ku ce na waye. Har gobe "wannan yaron" nake ce masa. Amma da na haifi mace, na roƙi mai gidana ya tambayi Hajiya sunan waccan 'yar farin tata da ta rasu. Shi kansa bai taɓa jin sunan ba. Ranar suna aka sa wa jaririyar sunan, aka miƙa wa Hajiya ita, ta rungume ta, ta kira sunan a hankali. Sannan ta sake kira da ƙarfi, har mazan da ke soro suka ji.