Gwangwanin Maganin Yaya

Mun tashi daga Kano bayan sallar asuba, ni da ƙanwata, za mu Zango duba yayanmu. Tsohon soja ne. Shekarun baya bam ya tashi kusa da motarsu a bakin daga. Bai ji rauni a jiki ba, amma likitoci sun ce ƙwaƙwalwarsa ta ɗan bugu. Kwanan nan aka ce abin ya ƙaru: mantuwa, jiri, gyangyaɗi da rana tsaka. Dangi sun yanke shawarar karɓe gonarsa a ba wani ya noma, mu kuma aka kira mu don mu lallashe shi.

Hanya lafiya lau har Kazaure, inda muka karya da ƙosai da koko. Kuɗin mota ya ƙaru, kujera kuwa tana nan yadda take: mu huɗu a baya, ga zakaran wani fasinja a kan ƙafata. Kaka ce, dammunan gero a jere, ana ta cirar gyaɗa. A Daura muka sake mota.

Mun iske Yaya a zaure, ido a lumshe. Bayan mun gaisa, matarsa ta kawo gwangwanin madara cike da ƙwayoyi, wasu a leda, wasu a takarda. Da launi take gane su. Ashe duk wanda ya zo dubiya da magani yake zuwa, musamman tsofaffin abokan aikinsa.

Na ce, "Yaya, duka kake sha?"

Ya ce, "Mutum ya taso tun daga Mashi ya kawo maka, ka ce ba ka so? Kai ma dai!"

Washegari muka kai shi asibiti a Daura, har da gwangwanin. Likita ta juye ƙwayoyin a tebur ta rarraba. Maganin barci iri biyu. Na mura, mai sa gyangyaɗi. Na hawan jini, fari da ruwan hoda, alhali abu ɗaya ne, wato ninki yake sha, jirin ke nan. Na ciwon kai kuma, shansa kullum shi ke dawo da ciwon. Ta gwada kunnensa, ta tarar na hagu ya yi rauni. Matarsa kuwa a hagunsa take zama. Rabin abin da ake cewa ya manta, bai ma ji ba.

Likitar ba ta ɓoye mana ba: bugun ƙwaƙwalwar yana nan, amma kayan da aka ɗora masa sun fi shi nauyi. Ta tsara yadda zai rage maganin barci sannu a hankali, ta hana shi hawa babur sai ta sake ganinsa.

Mako guda muka yi, kullum fura da nono mai kauri. A rana ta shida Yaya da kansa ya ja mu gona, yana nuna inda zai sa gyaɗa baɗi. Kawunmu, wanda ya kawo maganar karɓe gonar, yana tare da mu, ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce a bar masa abinsa. Masu dubiya kuma aka ce musu addu'a ta isa.

Na koyi cewa kafin a ce mutum ya ƙare, a fara duba abin da yake haɗiya. Muna shiga Kano waya ta yi ƙara. Yaya ne.

"Malam mai lafiyar ƙwaƙwalwa," in ji shi, "ka manta hularka a zaure."