Kwanon Gwaggo Yalwa a Kan Awakin Nomau

Wata rana da la'asar, a farkon damina, aka yi wata iska a wani ƙauye, wadda har yau in an tuna ta sai an yi salati.

Ta kayar da rumbuna, ta tuge bishiyoyi, ta yaye kwanon ɗakin Gwaggo Yalwa, tsohuwa mai sayar da daddawa da mijinta ya rasu ya bar ta ita kaɗai.

Washegari mutane suka yi ta zuwa jaje. Wanda ya fara sallama shi ne Nomau, maƙwabcinta, yaron da ta goya a bayanta lokacin da uwarsa ke jinya. Ya durƙusa, ya langwaɓar da kai, ya yi ta "Allah ya mayar da alheri" kamar zai yi kuka.

Gwaggo ta yi ta cigiyar kwanonta gona-gona, ga hadari kullum yana haɗuwa. Shiru.

Ran nan ta leƙa ta kan katanga, sai ta ga Nomau ya yi wa awakinsa sabuwar rumfa. Ta gane kwanon nan take, domin ga facin kwalta da tsumma da marigayi mijinta ya liƙe ɓulolin da shi da hannunsa.

Ta ce, "Nomau, ɗan nan, ai kwanon ɗakina ne wannan."

Ko kunya babu ya ce, "Gwaggo, ni na shiga gidanki na ɗauka? A gonata na tsinta. Rabona ne iska ta kawo."

Tir!

Aka ce ta kai ƙara wurin mai gari. Ta ce ba za ta iya tsayawa shari'a da yaron da ya yi mata fitsari a baya ba.

Da ruwan ya sauko, tana rakuɓe a lungun ɗaki da buhu a ka, katifarta ta jiƙe sharkaf, daddawar sayarwa ta lalace. Ta bayan katanga tana jin ruwa yana dukan kwanonta, ƙarar da ta saba ji shekara da shekaru.

Awakin Nomau ko ɗigo bai taɓa su ba.

Darasi: Ba duk mai riga kowa zuwa jaje ne ke tausayinka ba. Kuma abin da masifa ta ƙwace wa maƙwabcinka ba tsintuwa ba ce, amana ce.

Ku yaɗa, ko ya isa kunnen masu halin Nomau.