Furar Inna a Hanyar Ajingi

Lokacin da aka tura ni koyarwa a wata firamare da ke Ajingi, wajen ƙarshen shekarun sittin, ban yi aure ba, mahaifiyata kuma tana zaune a Gaya tun bayan rasuwar mahaifinmu. Saboda haka kusan duk hutun ƙarshen mako ina kan hanya. Keke gare ni, baƙi, na hannu, wanda na saya wurin wani maɗinki. Ana samun mota ranar kasuwa, amma sauran ranaku sai mutum ya yini a tasha yana jiran ta cika, shi ya sa na fi dogara da kekena.

Da abinci na fara sanin garuruwan nan kafin in san mutanensu. A tashar Gaya akwai mai gurasa da yake yayyafa mata ruwa, ya barbaɗe ta da garin ƙuli da yaji, ya zuba man gyaɗa da albasa, ya rufe ta na ɗan lokaci har ta yi laushi. In za ni Kademi gaishe da gwaggona, tubani nake nema, mai zafi, a kwance shi daga ganye a tsoma a mai da yaji. Ranar kasuwar Ajingi kuwa sai wanda ka zaɓa: balangu a kan takarda, dafaffen rogo, dakuwa mai yaji da ke sa mutum tari, kantun riɗi da ke maƙalewa a haƙori. Da kaka ga dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara, in rani ya shigo ga kanya da goriba da muruci. In kuma tafiyar Kano ta kama, ba na yarda motar ta wuce Wudil ban miƙa hannu ta taga na karɓi soyayyen kifi ba. Har yanzu in matashi ya ce mini zai yi tafiya, nakan ce masa ya bar abin da ya saba ci a gida, ya duba abin da mutanen wurin suka yi wa layi.

Amma duk cikinsu babu abin da ya kai furar wata Bafulatana da ke zama a gindin wata tsamiya, a kan hanyar da nake bi, kusa da inda turbar Gafasa ta rabu. Dattijuwa ce doguwa, siririya, kullum da baƙin zane na saƙi. Rugarsu tana can bayan gonaki, ana hango shanunsu farare. Ban taɓa tambayar sunanta ba. Inna nake ce mata, ita kuma ta ce mini Malam.

Furarta ta gero ce zalla, da citta da kanumfari da ɗan masoro, ba ta cika barkono ba. Takan buɗe faifai, ta ɗebo kindirmo mai kauri, ta dama a ƙaramar ƙwarya da ludayin duma, ba ta gaggawa ko da mutum nawa ne ke jira. In ta ga na sha rana sosai sai ta gutsuro man shanu ta jefa a ciki. Wani lokaci 'yarta, budurwa mai yawan kunya, takan zo ta kawo mata ƙarin nono ta koma.

Ba ma doguwar hira. Takan tambaye ni mahaifiyata, wadda ba ta taɓa gani ba.

"Yaya ƙafar tsohuwa?"

"Da sauƙi, Inna."

"Ka kai mata wannan ta riƙa shafawa." Sai ta ƙulle mini man shanu a ganye.

Haka muka yi shekaru. Na yi aure, aka yi mini haihuwa, na zo na gaya mata, ta yi ta sa albarka.

Sai aka shiga shekarun fari, farkon saba'in. Damina ta zo a makare ta ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye bai fid da kai ba. Ta biyun ta fi ta farko muni. A kasuwar Ajingi masu dakuwa da kantu suka ragu, sai garin rogo da ganyen tafasa. Nama ne ya yi arha, abin da ban taɓa gani ba, don makiyaya suna ta kawo shanu ramammu a yanka kafin su faɗi da kansu. Balangun lokacin ba mai, ba ɗanɗano, kana ci kana jin tausayin dabbar. Yaran ajina suka fara barci a kan benci tun da hantsi.

Wata rana na tsaya wurin Inna, ta dama mini, amma ta riƙe ƙwaryar ba ta miƙo ba.

"Malam, yau da kuka a ciki," in ji ta. "Nonon bai kai ba, na ƙara da garin kuka da ruwa. Na ce in gaya maka kafin ka sha."

"Ba komai, Inna. Kawo."

Na sha. Tsami ne kawai da ruwa, furar ma rabinta dusa ce. Tana kallona har na shanye. Ta ce saniyar da ta fi ba su nono ta kwanta shekaranjiya, sun ɗaga ta da itace ta sake faɗuwa. Ta ce mazansu suna maganar yin kudu.

"Ke ma za ki?"

"To, in zauna da wa?"

Da na sake biyowa bayan mako biyu ko uku, babu kowa a gindin tsamiyar. Na ajiye keke na taka har rugar. Bukkokin suna nan, an kwashe tabarmi da ƙore, sai turaku da busasshen kashin shanu. Daga gefe ga ƙasusuwa, ungulaye sun gama da su. Wani manomi da na gamu da shi ya ce sun tashi da asuba tun kwanaki, bai san inda suka nufa ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu ya faru ne da bazarar da ta biyo baya. Na taso daga Ajingi bayan an tashi makaranta, rana tana tsaka, ba kowa a hanya. Tun daga nesa na hango mutum a gindin tsamiyar. Mace ce a zaune, da baƙin zane, ta sunkuya a kan ƙwarya, hannunta yana juyawa yadda mai damu ke yi. Na san zaman, na san yadda take karkatar da kai. Daɗi ya kama ni, har na kaɗa ƙararrawar keke don ta san ni ne.

Kafin a kai wurin akwai wani yashi mai zurfi da dole sai an sauka an tura. Na sauka, na sunkuyar da kai ina turawa. Da na fita daga yashin na ɗaga ido, babu kowa.

Na ƙarasa. Dutsen da take zama a kai yana nan. Babu sawun ƙafa a ƙasa sai na awaki. Gonaki ne fetal ta kowane gefe, ko kara babu da mutum zai ɓuya a bayansa. Na zagaya bishiyar, na ce, "Inna?" a hankali, kamar mai jin kunyar kada a ji shi. A nan ne na ji ƙanshin nono, sabon kindirmo, irin wanda rabona da jin sa tun kafin farin. Ga ƙudaje sun taru a wuri guda a gaban dutsen, a kan busasshiyar ƙasa da ba komai a kanta.

Ban gudu ba, amma ban san yadda na isa Gaya ba. Da na shiga gida mahaifiyata ta dube ni ta ce, "Me ya same ka?" Na gaya mata. Ta ce gindin tsamiya ba wurin tsayawa ba ne da tsakar rana, in riƙa addu'a in zan wuce. Wani abokin aikina da na ba labarin ya ce yunwa ce da rana, shi ma ya taɓa ganin tafki a inda babu. Ban yi masa musu ba. Ban ce fatalwa na gani ba, ban kuma ce aljana ba. Abin da idona ya gani da abin da hancina ya ji kawai na sani. Na ci gaba da bin hanyar don babu wata, sai dai in na doso wurin nakan kafa ido a kan tayar gaba har in wuce.

Ruwa ya dawo daga baya. Gero ya yi, masu dakuwa suka koma kasuwa. Wata ranar kasuwa a Ajingi ina tsaye wurin mai rogo, sai wata mace da goyo ta durƙusa ta gaishe ni. Ban gane ta ba sai da ta ce, "Malam mai keke, ni ce 'yar mai fura." Ta rame, ta yi duhu. Ta ce sun zo ne ita da mijinta ganin dangi a Gafasa, gobe za su koma.

Na tambaye ta Inna.

"Ai Inna ta rasu a hanya," in ji ta.

Ta ce sun yi ta tafiya kudu, shanun suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya zama na korawa bai fi a ƙirga da yatsu ba. Ciwon ciki ya kama tsohuwar a wani ƙauye da ba su san kowa ba. Mutanen ƙauyen suka ba su rumfa, su ne kuma suka yi mata sutura.

"Yaushe ke nan?"

"Da bazara ne, kafin ruwan farko ya sauka. Zafi ya yi yawa lokacin." Ta gyara goyonta. "Da ciwon ya yi tsanani ba ta gane mu. Sai ta riƙa cewa a ɗora mata ƙwarya, rana ta yi, masu wucewa suna can suna jira. Mu ce mata Inna babu nono, ta ce a ɗora mata dai."

Na tsaya riƙe da rogon a hannu. Na so in gaya mata abin da na gani, sai na ga ban san ko zai sanyaya mata rai ko zai tayar mata da hankali ba, na fasa. Na yi mata ta'aziyya, na yi wa mamaciyar addu'a, ta amsa da amin. Mijinta ya kira ta daga wajen 'yan awaki, ta yi mini sallama ta tafi. Ban sake ganinta ba.

Da na je Gaya na gaya wa mahaifiyata labarin rasuwar Inna. Ta sa matata ta jiƙa shinkafa. Ranar Juma'a da safe suka toya waina cikin babbar tasa, mahaifiyata ta sa aka fitar mata da tabarma ƙofar gida, ta zauna ta miƙe ƙafarta mai ciwo, tana miƙa wa duk wanda ya zo wucewa, yaro da babba. Wata maƙwabciya ta tambaye ta sadakar wa ake yi.

"Ta wata 'yar'uwata ce," in ji ta. "A can kudu ta rasu."