Mussar Inna Hadiza

Kafin sunana ya shiga bakin 'yan sanda, ni direba ne a garin Laurel, kusa da Washington. Daga Kano na zo Amurka, ban san kowa ba. A masallaci na haɗu da Yaya Isuhu, ɗan jarida mutumin Maraɗi da ke aikin rediyo a Washington, ya ba ni ɗaki a gidansa har na tsaya da ƙafata. Mahaifiyarsa, Inna Hadiza, ita ta zame mini uwa. Ba ta jin Turanci, ba ta fita, wuni take a bakin taga tana kallon motocin bas. Bayan na tashi daga gidan, duk Lahadi sai na je gaishe ta. Takan ajiye mini tuwo a rufe, ta ce, "Ɗana, ka rame. Zauna."

Aikina shi ne ɗauko 'yan kwikwiyo da 'yan kyanwa daga gidajen kiwo na wasu jihohi, in kawo wa wani shagon dabbobi. Idona ya ga abin da masu saye ba sa gani. Iyayen dabbobin a keji suke kwana suke tashi, haihuwa kan haihuwa, wasu ko tsayuwa ba sa iya yi.

Da aka fara muhawara kan dokar hana shaguna sayar da 'yan dabbobin, mai shagonmu ya tafi da ni zaman jin ra'ayin jama'a. Masu shaguna suka ce za a raba talakawa da aikinsu, kuma cinikin zai koma ɓoye. Masu son dokar suka ce kowane ɗan kwikwiyo da ke bayan gilashi, akwai uwarsa da ke shan azaba a wani wuri. A bakin ƙofa wata dattijuwa ta tare ni, ta ce, "Kai ne kake tuƙo su. Me ka gani a can?" Na ce ban ga komai ba. Tsoron rasa aiki ne ya sa, amma daga ranar ƙarya ta daina yi mini nauyi.

Doka ta wuce, shago ya rufe. Mai shagon ya ce da ni, "Shago aka hana, ba bayan mota ba." Muka koma sayarwa a wuraren ajiye motoci, ina cewa a gidana aka haife su, ina miƙa takardun rigakafi na jabu. Daga baya na fara sa hotunan dabbobin da babu su a intanet, in karɓi kafin alƙalami, in kashe waya.

Ana haka Yaya Isuhu ya kira ni. Ya ce kaɗaici ya dami Inna, in samo mata kyanwa. Ina da wata 'yar ƙarama da na san ba ta da lafiya, kowa ya gani sai ya ƙi saye. Na goge mata idanu, na haɗa da takardar jabu, na sayar wa mutumin da ya ba ni ɗaki.

Inna ta rungume ta tana dariya. "Ka kawo mini mussa," in ji ta, da Hausarsu ta Nijar. A gefen dardumarta kyanwar take kwanciya, Inna tana jan carbi tana shafa ta. Ba a daɗe ba kyanwar ta daina ci. Yaya Isuhu ya kai ta asibitin dabbobi, a can ta mutu, a can kuma likita ta gane takardar ta ƙarya ce. Da aka haɗa da koken waɗanda na damfara, aka kama ni, kotu ta ɗaure ni.

A kurkuku ba sanyi ko abinci ne ya fi damuna ba. Muryar Inna nake marmari. Na sha shirya kalmomin da zan durƙusa in faɗa mata.

Da aka sake ni, gidan na fara zuwa. Yaya Isuhu ya buɗe, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce in shigo. Ya gaya mini Inna ta koma Maraɗi, kuma Allah ya yi mata rasuwa bara.

Na ce, "Yaya, ta yafe mini?"

Ya ce, "Ba ta san ka yi laifi ba. Ce mata na yi tafiya ta kama ka. Har a gadon asibiti tana tambaya ko ka dawo."

Yanzu dako nake yi a wani sito, na tuba, kuma Yaya Isuhu yana amsa gaisuwata. Amma gafarar da na fi buƙata, mai ita ta tafi ban roƙa ba.

Ƙannena matasa, musamman ku da kuke baƙunta a ƙasar wasu, in an tambaye ku abin da kuka gani, ku faɗa, ko da aikin zai tafi. In an rufe wata hanya, kada ku bi wanda ya ce ya san ta bayan gida. Ni ma na ɗauka waɗanda ban sani ba kawai zan cuta. Ku je ku gaida tsofaffin da suke son ku tun kuna iya haɗa ido da su.