Muntaka da Tsuntsun da Ya Tsaya a Bakin Rafi

Duk wanda ya bi hanyar ƙauyenmu da sassafe zai tarar da Malam Muntaka ya riga ya share gindin tsamiyarsa. Yakan shimfiɗa tsohon buhu, ya jera sifanoni manya da ƙanana, ya ajiye kwanon koko a gefe, kokon da sau da yawa sai ya huce bai ko duba shi ba. Kafin ya zauna manoma sun fara isowa, wani da injin ban-ruwa a bayan babur, wani a amalanke, kowa da kukansa: ga tumatir yana yaushi a gonakin rani na dam ɗin Watari, ga inji ya ƙi tashi. Shi kuwa ba ya rawar jiki. Sai ya ja igiyar, ya karkata kai ya kasa kunne, sannan ya faɗi inda ciwon yake kafin ya kwance ko noti ɗaya.

Tun ina goyon autata yake wannan aiki, yau ga autar tawa da nata 'ya'yan. Bana ya ce bayansa ya gaji da sunkuyo, zai bar wa ƙannensa wurin. Shi ya sa na ce bari in ɗauki biro. Mu dai mun iya yabon mutum bayan an rufe shi da ƙasa. Ni so nake in yi nawa yana raye, yana ji, ko da zai sunkuyar da kai don kunya.

Malam Yahya, limamin unguwarmu, wanda ba ya yabo da arha, ya shaida mini cewa ya taɓa ganin Muntaka a cikin taɓo har ƙirji, da azumi a bakinsa, rana tsaka, yana ciro injin wata bazawara da ya zame cikin rijiyar fadama. Irin wannan labarin yana da yawa, a tambayi mutanen Kunci da Shanono. To amma ba inji ne ya zaunar da ni rubutu ba. Jirginsa ne.

Ɗan jirgi ne maras matuƙi, mai farfela huɗu da ido guda na ɗaukar hoto, bai fi faifai faɗi ba. Wani mai ɗaukar bidiyon biki a Kano ne ya maka shi da bango, ya yar. Muntaka ya kawo shi gida a leda, ya yi ta fama da shi har ya tashi. Ranar da ya fara shawagi kaji suka watse, mu ma muka watse. Matarsa Safiyatu ta ce ita dai ta ga ta kanta, mutum da furfura a gemu ya koma wasan motar kara.

Abin da ya fi ba mutane dariya shi ne yadda yake wasan. Da rani, in an kwashe amfani gona ta zama fili, sai ya kafa sanduna biyu ya rataya tsohuwar tabarma, ya koma nesa, ya sako jirgin a guje kamar zai huda ta, sai ya tsayar da shi dab da ita. Ya koma, ya sake. Da fari ba ya tsayuwa. Tabarmi nawa farfelar nan ta yayyaga, Allah kaɗai Ya sani. Har Safiyatu ta riƙa kai nata tabarmin ajiya ɗakina, tana cewa in ya tambaya in ce gara ta cinye.

Wata rana na tsaya na tambaye shi, shin tabarmar nan me ta yi masa? Ya yi dariya, ya nuna mini. Ya ce in jirgin yana tafiyar hankali yana ganin itace ya tsaya da kansa. Amma in an sa shi a giyar gudu sai ya makance, ko bango ne zai afka masa. Kuma ko ka saki hannu ba nan take yake tsayawa ba, sai ya ƙara zamewa gaba, kamar amalanken da aka loda wa taki a gangara. In iska tana bayansa kuwa, zamewar ta fi tsawo.

"Gwaggo," in ji shi, "gudu ai ko kaza ta iya. Tsayawar ita ce karatun."

Yana da wata doka kuma da ba wanda ya sa masa. Kun san yadda ƙasarmu take, gida nan, gona nan, gida can, kuma tsakar gida ba ta da rufi. Mace tana daka, tana tsifar kai, tana wanka a bayan ɗaki. Muntaka bai taɓa bi da jirginsa ta saman gidan kowa ba. Yakan bi burtali, hanyar shanu, ko ya zagaya ta gonaki, komai nisa. Ya ce wanda ba zai shiga gidan mutum ba sallama ba, idonsa ma kada ya shiga. Malam Yahya da ya so a hana jirgin tun farko, da ya ga haka sai ya janye maganarsa. A haka jirgin ya gano awakin da suka ɓace cikin dawa, ya nuna wa masu noman rani inda magudanar ruwa ta fashe.

Mutum ɗaya ne bai taɓa shiri da jirgin ba, wato yayana Dabo. Yaya Dabo ya yi rayuwarsa yana noman shinkafa a hayin rafin da ke gangarawa Watari, yana korar tsuntsayen jan-baki tun yana yaro. Ko bayan tsufa ya rikita masa tunani, har yana kiran jikokinsa da sunan mutanen da suka rasu, abu ɗaya bai manta ba: in ya ga tsuntsu kusa da hatsi sai ya tashi. Duk ranar da jirgin ya gifta kusa da gonarsa, sai ya suri hoge ya jefa, yana yi masa tsawa.

A daminar bara, bayan la'asar, aka nemi Yaya a zaure aka rasa. Takalminsa yana nan, sandarsa ba ta nan. An yi ruwa mai yawa kwana biyu kafin nan, rafi ya cika ya batse, ga wani hadarin ya haɗo daga gabas. Dawa ta fi mutum tsayi, ko raƙumi ya shiga ba ka ganinsa. Ɗansa Kamaruddeen ya hau babur ya nufi hanyar Shanono, don can aka tsinto shi wani karo da ya taɓa ɓacewa. Ni kuwa ko mayafi ban gyara ba na nufi gindin tsamiya.

Muntaka bai tambaye ni komai ba bayan kalar rigar da Yaya ya sa. Ya goge baƙin mai a hannunsa, ya ɗora waya a kan rimot, jirgi ya tashi. Mutane suka taru a bayansa, har da Malam Yahya. Aka bi burtali, aka bi gonakin yamma, babu. Iska ta fara kaɗa tsamiya. Na ji Muntaka yana cewa a hankali batir ya yi ƙasa. Daga nan ya ɗaga jirgin sama sosai ya juya idonsa arewa, sai ga wani ɗan fari-fari yana motsi a ƙarshen gonakin gero. Yaya ne. Ya miƙe sak ya nufi mashigin rafi, inda yake haurawa zuwa gonar shinkafarsa tun yana saurayi, gonar da ruwa ya shanye a ranar.

Aka kira Kamaruddeen a waya, amma yana can nesa, kuma hanyar rafin duk taɓo ce, sai ya ajiye babur ya ƙarasa da ƙafa. Samari suka zuba a guje ta cikin dawa. Kowa ya san ba za su riga shi isa ruwan ba. Jirgin ne kaɗai zai iya, shi ma in ya miƙe. Miƙewar kuwa ta saman gidan Malam Yahya take. Na ga yatsun Muntaka sun tsaya a kan rimot.

"Bi ta kan gidana, Muntaka," in ji Malam. "Na yi maka izini."

Ko a wannan hali sai da ya ɗaga idon jirgin sama, ba mu ga komai a fuskar wayar ba sai baƙin hadari, har ya wuce katangar. Sannan ya sauke idon. Gero yana wucewa kamar ana jan zane. Ga iska a bayansa tana ƙara tura shi. Ga wani gawo a bakin mashigin, kun san gawo da damina ba shi da ganye, rassan nan tsirara da ƙyar ake ganinsu. Ga Yaya, ƙafarsa ta riga ta taɓa ruwa. Ni na san abin da farfelar nan ta yi wa tabarmi, ina tuna fuskar ɗan'uwana. Na ce a raina zai wuce shi ya faɗa rafi, ko ya sare shi.

Tun da saura tazara mai yawa, tun ina ganin kamar bai kai ba, Muntaka ya saki hannu ya ɗan ja baya. Jirgin ya ɗaga hanci, ya zame, ya zame, ya wuce gefen gawon, ya wuce Yaya ta gefe, ya tsaya cak a kan bakin ruwan. Sai ya juyo a hankali. Ga fuskar Yaya ta cika wayar, ya saki baki.

Abin da Muntaka ya dogara da shi ke nan, don ya san mutuminsa. Yaya ya manta da rafi. Ya ɗaga sanda, ya sunkuya ya suri hoge. Muntaka ya zagaya da jirgin ya koma ta wajen gero, ƙasa-ƙasa, kamar tsuntsun da zai sauka a kan zangarniya. Yaya ya juya wa ruwa baya ya bi shi. In ya matso, jirgi ya ja gaba kaɗan ya tsaya. In ya tsaya haki, jirgi ya sauko kamar zai ci geron, sai ya sake zabura. Hoge ɗaya ya samu jirgin, hoton ya girgiza, amma bai faɗi ba. A haka aka jawo shi har kan tudu, wayar tana ta kukan batir, har muka ga Kamaruddeen ya faɗo cikin hoton, taɓo har gwiwa, ya rungume ubansa. Jirgin bai iya dawowa gida ba. A cikin gyaɗar wani ya sauka, ruwa ya kece a kansa.

Ni dai a ƙasa na samu kaina zaune, ba abin da ke fita a bakina sai hamdala. Safiyatu ta zo ta kama ni, tana kuka tana dariya, ta ce gobe in dawo mata da tabarminta, ta yafe masa su duka.

Muntaka, kai ne ka yi shekaru ana maka dariya a fili kana tsayar da jirgi a gaban tabarma, ba ka san wata rana ran mutum ne zai maye gurbin tabarmar ba. Kai ne ka kiyaye mutuncin matan ƙauyen nan tun ba wanda ya roƙe ka, shi ya sa ranar da ka buƙaci hanya aka ba ka ba gardama. Na Safiyatu, mai ta da injin da ya suma. Na gode, zuri'ar Dabo sun gode. Allah Ya ba bayanka lafiya, Ya sa hutun nan ya zame maka alheri, Ya tsare ka kamar yadda ka tsare mana namu.

Ku kuma 'ya'yana masu sayen irin wannan jirgi yanzu, ina ganinku a wuraren biki kuna shawagi da shi a kan mutane. Ku je gindin tsamiya ku gaishe shi, zai nuna muku. Ku nemi fili, ku nemi tsohuwar tabarma, kada ta uwarku. Ku koyi tsayawa kafin gudu, kuma ku bar saman gidajen mutane.

Jirgin ya bushe, ya tashi, sai dai tsagar hogen tana nan a gefensa, Muntaka ya ƙi liƙe ta. Yaya Dabo kuwa yana nan da ransa, yanzu haka ina jiyo shi a zaure yana faɗa da jikoki a kan goro. Ya manta rafin, ya manta ruwan. Amma duk ranar da Muntaka ya zo gaishe shi, sai ya kama hannunsa ya ba shi labarin wani ƙaton tsuntsu da ya so cinye geron mutane, shi kaɗai ya kore shi, kuma ya gargaɗe shi ya riƙa sa ido ko zai dawo.

Muntaka yakan durƙusa ya ce, "Ai Baba, tun da ka jefe shi bai sake zuwa ba."