Cokali Uku na Ran Deshun

A aljihun rigar aikin Ran Deshun akwai wani ɗan kofin ƙarfe da bai taɓa shan komai da shi ba. Mutum shida ne ke aiki a kicin ɗin, babu wanda ya lura da shi.

Shekara ashirin da biyu ke nan yana haɗa romon shagonsu a wani lungu na birnin Chongqing, a ƙasar Sin: kitsen shanu, busasshen barkono kwando guda, da ƙwayar yajin nan mai kashe leɓe. Kullum da hantsi sai ya ɗanɗana cokali uku. Marigayi mahaifinsa ne ya koya masa cewa a baki kawai ba a gane romo, sai an haɗiye, domin zafin kirki daga maƙogwaro yake dawowa.

Bara waccan ya fara ganin jini idan ya zaga. Likita ta ce hanjinsa ya kumbura har ya yi gyambo, ƙwayoyin da ke taimakon ciki sun ragu, masu cutarwa sun rinjaye su. Ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi. Ta hana shi yaji da maiƙo.

"Likita, barkono fa nake sayarwa."

"Ka sayar mana. Ci ne na hana ka."

Tun daga nan yake juya baya ya tofar da romon a kofin. Yawonsa ya tsaya tsakanin ɗakinsa na saman bene, da murhu, da ban ɗakin da ke taku goma sha ɗaya daga murhun. Bikin 'yar ƙanwarsa ma bai je ba, saboda tafiyar awa biyu ce a mota.

Mahaifiyarsa ba ta sani ba. Shekarunta saba'in da tara, shagon nata ne, tana zaune a bakin ƙofa kullum. A wurinta duk ciwon ciki danshin kogi ne ya shiga jiki, barkono kuwa ke fitar da shi. Ta sha faɗa cewa ranar da bakin Deshun ya mutu, ɗan ƙaninta za ta miƙa wa ludayin. Shi kuwa ban da wannan ludayi bai iya komai ba.

Ran nan Tsoho Pu, wanda ke ci a wurinsu tun zamanin mahaifin, ya aje tsinken cin abincinsa ya ɗaga murya.

"Tsohuwa, romon nan naku ya zama lami kamar na jarirai! Ko Deshun ya fara girki da ido ne?"

"Haƙoranka ne suka zube, ka ɗora wa romona laifi," in ji ta. Aka yi dariya.

Amma sai ta dogara sandarta har kicin. Ta ɗebo romon da kanta.

"Sha in gani."

"Na ɗanɗana ɗazu, Mama."

"Ban gani ba. Dube ka, duk ka rame kamar tsinke. Danshi ne. Sha."

Deshun ya san abin da cokalin nan zai jawo masa: kwana uku na murɗa, wataƙila mako guda, da jini. Ya kai baki. Yatsunsa suka taɓa kofin ta cikin aljihu. Idonta na kansa. Ya haɗiye. Ta ƙara ɗebowa, ta kuma ƙarawa, uku cif kamar yadda mijinta yake yi.

Ya jira zafin ya dawo daga maƙogwaro. Bai dawo ba. Ashe Tsoho Pu ya yi gaskiya, kuma wa ya san watanni nawa romon ya yi a haka.

"Yajin ne ya gaza," ya ce a hankali. Ya watsa tafi biyu a tukunya.

"Ka gani? Har ka fara gumi. Gobe za ka tashi garau." Ta koma bakin ƙofarta.

Cikinsa ya riga ya fara juyawa. Ya jawo 'yar kujerarsa kusa da ƙofar ban ɗaki, ya ɗora tiren tafarnuwa a cinya, ya hau ɓara.